Kulu Ba Za Ta Tsallake Baho Ba

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin gwaji na asibiti ina leƙen jini da fitsarin mutanen Zariya a madubin likita, na malami da na ɗan dako, ban taɓa ganin maita a cikin ko ɗaya ba. Tsutsa na gani, ƙwai na gani, ƙwayar zazzaɓi kuwa har ta gundure ni. Shi ya sa da Zainabu ta bugo mini waya ranar Asabar da hantsi tana kuka, ta ce za a sa uwarta ta tsallake kifi, sai da na ce ta maimaita.

"Kifi, Hajiya. Kifin Alhaji. Wai Inna ce ta kama musu kurwa."

Innar tata ita ce Kulu, wata baiwar Allah daga ƙauye da ta shekara goma sha tara tana aiki a gidan yayana, Alhaji Rilwanu, a Kusfa. Ita ke girki, ita ke riƙe da mabuɗin sito, ita ta goya 'ya'yansa uku na ƙarshe. Shi kuwa Yaya Rilwanu tsohon darakta ne a ma'aikatar gwamnati. Da ya ajiye aiki wasu suka kama noma, wasu siyasa, shi sai ya gina ɗan tafki na siminti a tsakar gida ya zuba kifin ado guda goma sha biyu, jajaye da masu dabbare-dabbare. Har sunaye ya raɗa musu. Akwai Sakatare, akwai Masinja, babban cikinsu kuma, wani ja mai farin goshi, shi ne Darakta. Cikin kwana goma bakwai suka mutu.

Wanda bai tashi a cikin birni ba zai ce abin dariya ne. Ba dariya a ciki. In aka ce mutum maye ne ya kama kurwar wani, sai a sa shi ya tsallake mara lafiyar sau uku don ya saki. In ya tsallake, ya amsa laifi ke nan. In ya ƙi, a ce ya ƙi saki. Kuma mutanenmu sun ce a nono ake shan maita. Zainabu kuwa an sa ranar aurenta da wani malamin makaranta a Tudun Jukun bayan babbar salla. Ranar da Kulu ta ɗaga ƙafa ta haye wannan kifi, kafin la'asar labari ya isa Tudun Jukun, kuma babu uwar da za ta bar ɗanta ya auro 'yar mayya.

Na ce da yarinyar, "Ki je ki gaya wa uwarki in ta motsa ƙafa kafin in iso, ni da ita ne."

Na jawo akwatin katako daga ƙarƙashin gado. Tsohon madubin likita ne da na saya lokacin da aka yi gwanjon kayan ɗakin gwajinmu, irin wanda ba ruwansa da wutar lantarki, ɗan madubi ne a ƙasansa yake kamo hasken rana. Na haɗa da 'yan gilasan ɗora samfur, na rungume shi a cikin keke tun daga Ƙofar Kuyambana, ina ta faɗa ni kaɗai har mai keken ya waiwayo sau biyu.

Na tarar da Yaya a zaure, ya harɗe da carbi a hannu, wai shi ba ya ciki.

"Yaya, da gaske ne abin da nake ji?"

"Batul, ba ko gaisuwa?"

"Ina kwana. Da gaske ne?"

Ya yi ajiyar zuciya. "Sha'anin mata ne. Ni kin san ban yarda da waɗannan abubuwa ba. Amma uwargida ta matsa, kuma na ga in bai yi amfani ba, ai ba zai cutar da kowa ba."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Mutumin da ya haddace Ishiriniya, ya je har ƙasar waje ya yi kwas, shi ke ce mini ba zai cutar da kowa ba.

Na ce, "Kulu ba kowa ba ce ke nan?"

Ban tsaya jin amsa ba na shige.

Tsakar gida ta cika da matan unguwa, sun fi goma sha biyar, kowace ta yafa mayafi ta zo kallo. A tsakiya an ajiye baho da ruwa, Darakta na ciki ya karkace, yana buɗe baki da ƙyar. Kulu na tsaye jikin bangon kicin, hannunta da sauran garin tuwo, idonta a ƙasa. Wajen taku uku ta kowane gefe babu wanda ya matso kusa da ita. Matar da duk yaran layin nan sun ci ɗumamenta!

Hajiya Sakinatu, matar Yaya, ta taso da murmushin da bai kai ciki ba. Ni da ita mun saba tsokanar juna irin ta matar wa da ƙanwar miji, amma ranar ban zo wasa ba.

"A'a, likitar gidanmu ce da kaya haka?"

"Me Kulu ta yi?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Ni ban ce ta yi komai ba. Amma da kunnena na ji ta tsaya a bakin tafkin nan ta ce, kai, wannan ja kamar an tsoma shi a manja. Ba tubarkalla, ba masha Allah. Kwana uku ba a yi ba suka fara mutuwa. Ga Maman Mubarak nan, ita ma akuyarta..."

"Akuyar da ta ci leda? Ina nan aka farke cikinta."

Maman Mubarak ta kau da kai.

Hajiya Sakinatu ta ce, "Tsallakewa ce kawai, Batul. In ba ta da komai, mene ne na tsoro?"

Na ce, "Kulu ba za ta tsallake baho ba. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. A ba ni turmi."

Ba wadda ta motsa, sai na mirgino shi da kaina, na kife shi a inda rana ta fi haske, dab da bahon. Na ɗora madubin a kai, na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna yadda duk mai son haye bahon sai ya fara haye ni. Hayaniya ta fito da Yaya daga zaure. Da ya ga na naɗe hannun riga na nufi Darakta, ya daka tsawa.

"Kada ki taɓa shi! Numfashi ɗaya ya rage masa, ki ƙarasa mini shi? In gwajin za ki yi, ga Masinja can, da asuba ya mutu."

Nan na yi wautar da har yau nake jin haushinta. Na sani sarai abin da ke cin fatar kifi ba ya zama a kan gawa, da jiki ya mutu yake watsewa. Amma yayana ne, tun ina yarinya in ya yi tsawa nake shiga taitayina, sai na karɓi mushen. Na kankari yauƙin jikinsa, na ɗora a gilashi da ɗigon ruwa, na rufe, na juya ɗan madubin har haske ya cika. Na duba sama, na duba ƙasa, na bi gefe da gefe. Ba komai sai tarkacen fata.

"Me kika gani?" in ji Hajiya Sakinatu.

Ƙarya ba sana'ata ba ce. Na ce, "A wannan ban ga komai ba."

Sai guna-guni ya tashi. Wata ta ce, "Ai dama abin ɓoye ba ya fita a na'ura." Wata ta ce, "Allah ya raba mu da mugun ji da mugun gani." Zufa ta karyo mini har cikin ido. Na zo in wanke Kulu, ga shi da hannuna na ƙara mata baƙi. Na ɗaga kai na gan ta ta saki bango, ta fara takowa a hankali wajen bahon, tana tattare bakin zanenta.

"Hajiya, bar shi," ta ce da ni, murya ƙasa-ƙasa. "In yi in huta."

"Koma inda kike! Na rantse da Allah in kika ɗaga ƙafar nan sai na karya ta."

Ban sake kallon Yaya ba. Na jiƙa gefen mayafina, na cusa hannu cikin bahon, na damƙo Darakta. Yaya ya yi salati da ƙarfi, ya ce, "Batul! Ni nake miki magana!" Na ce, "Na ji ka, Yaya." Na kwantar da kifin a tafin hannuna, na ja bakin siririn gilashi a hankali daga bayan kansa zuwa wutsiya, sau ɗaya, na ɗebo yauƙi kamar ƙwayar gero. Na mayar da shi ruwa kafin ya gama mamaki. Ɗigon ruwan bahon, murfi, haske.

Ban ma gama juya maɓallin ba na gan su. Allahu akbar! Gilashin ya cika. Wasu 'yan tsutsotsi ne masu haske, kowace ta kafa ƙugiyoyinta a gindi, tana miƙewa tana takurewa kamar matsattsaku. A tsakaninsu ga wasu zagayayyu suna ta juyi ba hutu. Ban taɓa murnar ganin cuta ba sai ranar.

Na miƙe na ce, "Yaya, bisimilla. Gani ya kori ji."

Ya tsaya yana huci. Sannan ya tattare babbar riga ya tsuguna, ya cire tabarau, ya kanne ido ɗaya. Na ce ya buɗe duka biyun, ba harbi zai yi ba. Ya daɗe a wurin.

"Motsi suke yi," ya ce.

"Cin sa suke yi da ransa. Ba ka ga suna goga jiki da bangon tafkin ba kafin su kwanta?"

"Na gani. Na ɗauka wasa ne."

"Ƙaiƙayi ne. Suna cin fata, su toshe masa wurin numfashi, ya bi ruwa yana haki har ya mutu. Ga mayunku nan, Hajiya, zo ki gaisa da su."

Hajiya Sakinatu ta leƙa, ta yi baya da sauri tana kakkaɓe hannu. Amma matar Yaya ba ta faɗuwa sau ɗaya.

"To, na gani. Amma shekara huɗu kifin nan suna lafiya. Daga ina tsutsar ta fito rana tsaka? Ruwa ba ya tsami banza. Mai kama kurwa ai ba zai gagara turo tsutsa ba."

Na ce, "Yau dai kin faɗi gaskiya, ruwa ba ya tsami banza."

Na taka zuwa bakin tafkin. Rabona da gidan wata biyu, kuma wancan zuwan ruwan fili ne fetal, kana hango ƙasan siminti. Yanzu rabinsa a rufe yake da kainuwa, kore shar, abin sha'awa. Na ce a miƙo mini kwano. Na tsamo kainuwa uku na girgiza saiwoyinsu a ciki. Laka ta sauka, da 'yan dodon koɗi, sai ga wasu 'ya'yan kifi baƙaƙe guda biyu, ba su kai tsawon farcena ba, suna wutsil-wutsil.

"Waɗannan su wane ne a ofis ɗin naka, Yaya? Ban san ka ɗauki sababbin ma'aikata ba."

Na kama ɗaya, na shafa shi a sabon gilashi, na duba. Tsutsar nan ce dai, ba ta canza ko kama ba. Kifin kududdufi ya saba da ita, tare suke rayuwa. Na gidan Yaya 'yan gata ne, ba su taɓa haɗuwa da ita ba.

Na juyo na fuskanci matan. "Ga inda cutar ta biyo. Yanzu saura tambaya ɗaya. Wa ya kawo kainuwar nan gidan nan? Kulu, ke ce?"

Kulu ta girgiza kai. Ta sani, amma ko a wannan halin ba ta buɗe baki ta tona wanda ya kawo ba. Hajiya Sakinatu ta shiga gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"Ni ne," in ji Yaya.

"Ban ji ba."

"Ni ne na kawo! Sati uku ke nan. Zafin bazarar nan ya yi yawa, na karanta cewa suna son inuwa. Na ɗebo a kududdufin bayan masallaci, a bokiti, da hannuna."

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na ja kujerata gefe, na share hanya, na nuna masa bahon da hannu biyu.

"To, Yaya, tunda an ce wanda ya kama shi ke saki, ga Darakta nan. Sau uku ne. In bai yi amfani ba, ai ba zai cutar da kowa ba."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki da mayafi. Yaya ya dube ni, na dube shi. Tunda aka haife ni ban taɓa riƙe idonsa haka ba, amma shi ya fara sunkuyar da kai.

Ban bar ko mace ɗaya ta fita ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce duk wadda ta zo kallon mayya sai ta kalle ta da kyau kafin ta tafi, don in za ta kai labari ta kai cikakke. Suka yi layi a gaban turmi, ina sabunta gilashin in ya bushe. Wannan ta ce "Innalillahi," waccan ta ce "Kai, har da ƙugiya!" Maman Mubarak sau biyu ta leƙa. Ina gefe ina gaya wa Yaya abin yi: a kwashe kainuwar kaf, a canza ruwa, in auna masa gishirin da zai zuba, sannan ya je wurin likitan dabbobi da sunan maganin da zan rubuta masa. Yana ta cewa to, to, kamar sabon ɗan makaranta.

Kulu ce ta ƙarshe. Ta goge hannunta a zane, ta durƙusa, ta sa ido. Ta fi kowa daɗewa. Da ta ɗago, fuskarta ba murna ba kuka.

Yaya ya gyara murya. A gaban matan unguwa ya ce, "Kulu, ki yi haƙuri. An yi kuskure. Alhamdu lillahi, gaskiya ta fito."

Hajiya Sakinatu ma ta ce, "A yafi juna, Kulu. Sharrin shaiɗan ne. Tashi ki duba tukunyar nan kada ta kama."

Kulu ba ta kalli kicin ba. Ta kalli Yaya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba a shekara goma sha tara.

"Alhaji, in yi tambaya?"

"Yi mana."

"Da madubin Hajiya bai nuna komai ba fa?"

Ni kaina tambayar ta soke ni, don na tuna gilashin farko, da yadda gidan nan kaf ya yarda mayya ce cikin minti ɗaya.

Ta ce, "Na goya ɗanku Haisam a bayan nan har ya yi wayo. Tuwon da na tuƙa kuka ci jiya da dare, ba wanda ya ce a kai shi gwaji. Ashe duk shekarun nan ba ku san ko ni wace ce ba, sai da aka tambayi tsutsa."

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro mabuɗin sito da ke ɗaure a wurin, ta ajiye shi a kan turmi kusa da madubin. Ta shiga ɗakinta ta fito da mayafi da ƙullin kaya ɗan ƙarami. Hajiya Sakinatu na kiran sunanta, Yaya na cewa a tsaya a yi magana. Ta zo daidai bahon da ke tsakiyar hanya, ta tsaya, ta kewaye shi ta gefe a hankali yadda kowa zai gani, ta nufi zaure.

Na tura madubin cikin akwati na bi ta. A ƙofar gida na ce ta riƙe mini hannu ɗaya na akwatin, wai ya yi mini nauyi. Bai yi ba. Haka muka ratsa layin Kusfa da rana tsaka, ni da ita, kafaɗa da kafaɗa, ina gaida duk wanda ke zaune a dakali da suna don ya ɗago ya gan mu.

Darakta ya warke, shi da sauran huɗun. An ɗaura auren Zainabu sati biyu bayan babbar salla, Kulu ce ta dafa abincin da hannunta, kuma matan Kusfa sun ci har sun ƙulla a leda. Sau uku Yaya yana aiko ni da mabuɗin nan in kai mata. Sau uku tana karɓa ta da fara'a, ta zuba mini fura, ta tambayi lafiyar yaran ɗaya bayan ɗaya har da kifin, sannan ta mayar mini da shi cikin tafin hannu ta naɗe yatsuna a kai.

A na huɗun na ce masa, "Yaya, ƙafarka lafiya lau take. Ka kai da kanka, ka tafi da amsar tambayarta."

Mabuɗin na nan rataye a ƙusa a zaurensa. Ya ce har yanzu yana neman amsar.